TAFKUNAN FUNTUWA DA MALUMFASHI CIKIN BAZARA

Lacca ga iyaye, da malaman makaranta, da masu unguwanni, da sarakunan ruwa



Duk wanda ya je bakin tafkin Mairuwa a watan Oktoba, sa'an nan ya sake komawa a ƙarshen Afrilu, ya riga ya ga abin da za a yi magana a kansa yau. Da kaka tafkin cike yake, ruwa har gindin ciyawa, masunta suna tura jirginsu daga inda suka tsaya. Da bazara kuwa sai mutum ya yi tafiya mai nisa bisa busasshiyar laka wadda ta tsattsage kamar bayan kunkuru, ya wuce sawun shanu da ramukan masu tubali, kafin ƙafarsa ta taɓa ruwa. Haka abin yake a Gwaigwaye, haka yake a madatsar Malumfashi, haka kuma a ƙananan madatsun da ke warwatse cikin ƙasar Bakori, da Ƙafur, da Ɗanja, da Ɗandume.

Mutane da yawa za su ce ai wannan ba labari ba ne, tun kaka da kakanni ruwa yana janyewa da rani ya komo da damina. Gaskiyarsu. Amma akwai abu biyu da ba kowa ya lura da su ba. Na farko, lokacin da ruwan ya fi ƙaranci shi ne lokacin da jama'a suka fi ɗokin zuwa wurinsa, musamman yara, shi ne kuma lokacin da ya fi cutarwa. Na biyu, cikin abin da tafki ke rasawa kowace shekara akwai wanda damina ke mayar masa, akwai kuma wanda ba ya komowa har abada.

ABIN DA YA SA ƘASAR NAN TA DOGARA GA MADATSAI

Ƙasar Funtuwa tudu ce. Babu wani babban kogi da ke kawo mata ruwa daga wata ƙasa, ita ce ma ke ba waɗansu. Kogin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau, ya cika madatsar Bakalori kusa da Talatar Mafara, ya gamu da Rima a Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara, a nan kusa da Funtuwa ya faro, ɗan rafi wanda yaro zai tsallake. Ruwan sama kuwa Allah ya hore shi: a shekara mai kyau ana samun wajen inci 40, watau milimita 1,000, ko fiye, abin da birnin Katsina ba ya samu. Shi ya sa masara, da dawa, da auduga, da waken soya suka karɓi ƙasar. Sai dai duk ruwan nan cikin wata biyar yake sauka, daga Mayu zuwa farkon Oktoba. Sauran watannin ko ɗigo. Ƙarƙashin ƙasa kuma fa ne, dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa, saboda haka rijiya a nan ba ta da albarka irin ta ƙasashen yashi. Garin da ya girma kamar Funtuwa, tun da jirgin ƙasa ya ratsa shi zuwa Ƙauran Namoda aka kuma kafa injin gurzar auduga, ba shi da wata dabara sai ya tare ruwan damina ya ajiye.

Madatsar Mairuwa ta girmi Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987. Ta Gwaigwaye daga baya aka ƙara ta, sa'ad da gari ya fi ƙarfin ta farko. Ƙananan na ƙauyuka kuwa da yawansu sun samu ne bayan babban farin 1972 da 1973. A 1975 gwamnati tare da Bankin Duniya ta buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, sauran biyun a Gusau da Gombe. Ban da taki, da iri, da hanyoyin karkara, shirin ya gina ƙananan madatsun ƙasa. An gina su domin sha, da dabbobi, da ɗan lambu. Ba wanda ya rubuta wasa cikin takardun aikin. Amma yara ba su jira izni ba. Ran da ruwa ya taru, ran nan suka faɗa.

INA RUWAN KE TAFIYA?

Babban mai shan tafki ba mutum ba ne, ba saniya ba ce, rana ce da iska. A wannan yanki na Arewa, ruwan da ke fili yana rasa kusan mita 2 na zurfinsa cikin shekara ta hanyar tururi kaɗai, ko da ba a ɗebi cokali guda ba. Da hunturu busasshiyar iska ke lashe shi, da bazara zafi ya ɗora daga nan. A Maris da Afrilu yakan kai milimita 7 a yini, watau wajen taƙi guda a wata.

Milimita 7 ba ta yi kama da wani abu ba, sai an yi lissafi. A ɗauki misalin tafki mai fadin hekta 100, watau eka 250. Kowace milimita da ta tashi daga hekta guda lita 10,000 ce. To, milimita 7 bisa hekta 100 ta zama lita miliyan 7 a yini guda. In aka zuba wannan a jarka mai lita 25, irin wadda 'yan ga-ruwa ke turawa a kura, jarka 280,000 ke nan. Kullum. Babu shingen da zai hana wannan, babu kuma wanda za a kai ƙara.

Sa'an nan mutane su ɗebi nasu. Famfon gari yana ja, kuma da zafi aka fi buɗe shi. Garken shanu yana sauka safe da yamma, kowace saniya ta sha abin da ya fi jarka guda. Masu noman rani kuma, waɗanda a da suke ban ruwa da jigo da guga, yanzu injin fetur gare su, mutum ɗaya ya ja cikin awa guda abin da kakansa ba ya ja a yini. Hektar tumatir ko albasa cikin zafi tana bukatar kusan abin da rana ke sha daga hektar tafki. Ba a faɗi wannan don a zargi kowa ba. Tumatirin Ɗanja da raken ƙasar nan abinci ne da kuɗi, suna kuma tsare samari a gida da rani maimakon tafiya ci-rani. An faɗa ne don a san cewa duk bakunan nan a kasko ɗaya suke sha, kuma lokaci ɗaya.

Akwai wani abu game da siffar tafki wanda ke ruɗin ido. Madatsa kamar faifai take, ba kamar rijiya ba: bakinta shimfiɗe, tsakiyarta kaɗai ke da zurfi. Mafi yawan ruwanta a sama yake, inda take da fadi. Saboda haka in zurfi ya ragu da rabi, abin da ya saura bai kai rabin ruwan ba, bai ma kusa ba. Shi ya sa ake ganin tafki ya daɗe kamar ba ya motsi, sa'an nan cikin mako uku na Afrilu ya ja baya kamar an kore shi. Kuma ruwan farko na Mayu ba ya cika shi, gama ƙasa mai ƙishi ita ke fara sha. Sai rafuka sun kawo, wajen Yuli, tukuna ya fara hawa.

Shekaru ba ɗaya suke ba. In damina ta gaza, kamar 1973 ko 1983 da 1984, tafki yakan shiga rani bai cika ba tun farko. A waɗannan shekaru ne Tafkin Cadi, wanda fadinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ragu har bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, garin Baga ya wayi gari nesa da bakin ruwa. In kuwa zafi ne ya yi yawa, ko da an cika, sai a ƙare da wuri. A farkon Afrilun 2024 zafi ya rufe ƙasashen Sahel har aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, cikin watan azumi.

ABIN DA BA YA KOMOWA

Duk abin da aka lissafa a sama bashi ne, damina mai kyau tana biya. Wanda ba a biya shi ne laka.

Kowa ya ga launin rafi bayan ruwan farko: ja wur, ko kamar kunun kanwa. Wannan launi gona ce ke tafiya. An nome tudu, an sare itatuwa an yi gawayi, an kwashe kara da harawa, dabbobi sun lashe abin da ya rage, ƙasa ta kwana wata shida tsirara. Da hadari ya zuba sai ya kwashe ta, ya bi kwazazzabo da ita. Muddin ruwa na gudu yana ɗauke da kayansa. Da ya iso madatsa ya tsaya, sai ya sauke. Kowane kwando na ƙasa da ya kwanta a gindin tafki ya kori kwando guda na ruwa, ba na bana kaɗai ba, na kowace shekara mai zuwa.

Mugun abin shi ne ba a ganinsa da kaka. Tafkin da laka ta ci rabinsa yana cika har ya yi ambaliya kamar da, har ma ya fi saurin cika, mutane su ce alhamdu lillahi bana an sami ruwa. Sai bazara ta zo a ga ya ƙafe tun Maris, alhali dattawa sun san shi yana kai Mayu. A nan sai a ɗora wa rana laifi, ko a ce zamani ne ya canza. Lalle zafi ya ƙaru. Amma wanda ya soka gora a gindin tsohuwar madatsar ƙauye ya ga yadda take nutsewa cikin taɓo kafin ta sami ƙasa mai tauri, ya san inda zurfin ya tafi. Manomi ya yi hasara sau biyu: ya rasa kitsen gonarsa, ya kuma rasa ruwan raninsa.

Har wa yau akwai wata al'ada da ke ƙara wa abin gudu. Da ruwa ya ja baya sai a bi shi da garma, a shuka a danshin da ya bari, har bakin ruwa. Amfanin yana kyau ƙwarai, ba a musu. Amma ƙasar da aka tayar a nan ba ta da wata tafiya, a cikin tafki take tun yanzu. Takin zamani da maganin ƙwari da aka zuba mata su ma haka. Takin nan shi ke ciyar da gansakuka da kainuwa, ruwa ya koma kore, ya yi wari.

WANKA, YAWON SALLA, DA SU

A ƙasar da ba ta da teku ba ta kuma da babban kogi, tafki shi ne wurin shan iska. Marigayi Audu Baƙo ya gane wannan sa'ad da yake mulkin Jihar Kano, daga 1967 zuwa 1975, har ya sa aka gina masaukin baƙi a bakin Bagauda da Tiga. A nan ƙasar ba a yi irin wannan gini ba, amma jama'a sun yi nasu. Yaran makarantar allo suna zuwa wanki ran Alhamis su ƙare da iyo. 'Yan makarantar boko suna zuwa da hutun Afrilu. Samari suna wanke babur, su zauna hira har magariba. Mai fatsa yana samun inuwa ya jefa ƙugiya, ko ya kama ko bai kama ba ya huta. Ran Salla da kashegari kuwa bakin ruwa yakan zama kamar kasuwa, da masu rake, da masu ƙanƙara, da masu ɗaukar hoto, mai jirgi yana zagayawa da yara a biya shi. Ko da yake rashin tsaro na shekarun nan ya rage zuwa waɗansu wurare, musamman wajen Faskari da Sabuwa, waɗanda ke kusa da gari ba su rasa mutane ba.

To, Ƙaramar Salla ta faɗo ran 21 ga Afrilu a 2023, ran 10 ga Afrilu a 2024, ran 30 ga Maris a 2025. Watau shekara uku a jere taron da ya fi kowane girma ya zo daidai da ruwan da ya fi kowane ƙaranci. Abin da mai yawon Salla ya tarar shi ne inuwa a can, ruwa a can, tsakaninsu filin taɓo. Jirgi ba ya isowa gaɓa, sai an ɗauki yara a kafaɗa. Wurin da ya ishi mutum ɗari su watsu, yanzu mutum ɗari da shanu da masu wanki da bututun inji duk sun matsu a gefe guda. Mai jirgi ya rasa ciniki, mai rake ya koma da kayansa. Wannan hasara ce ƙarama in aka gwada da ta mai lambu, amma ita ce ke fara bayyana, ita ce kuma alamar sauran.

Su kuwa, a ido, bazara ce lokacinsa. Ruwa ya ragu, kifi ya taru wuri ɗaya, sarkin ruwa ya sa rana, a shiga da homa da gora ana kiɗa ana sowa. Wannan tsohuwar al'ada ce mai kyau, kuma dalilin da ya sa ta daɗe shi ne akwai mai buɗewa akwai mai rufewa. Inda aka bar wannan, kowa ya shiga ran da ya ga dama da taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, to, an kwashe uwa an kwashe 'ya'ya. Tarwaɗa da karfasan da suka jure har Mayu su ne iyayen kifin baɗi, cikinsu cike da ƙwai suna jiran ruwan farko. Suna kuwa cikin wahala tun kafin a taɓa su, gama ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa kamar mai sanyi. Shi ya sa akan ga karfasa ta taso sama da asuba tana haki, wani lokaci a wayi gari an ga matattu jere a gaɓa. Gaiwa ce kaɗai ba ruwanta, ta shige laka ta naɗe ta yi barci sai damina. Wanda kuma ya zuba magimfa ko maganin ƙwari don ya kama da yawa, ya sani ruwan da ya sa wa guba shi ne wanda 'ya'yansa za su sha.

Kada a ce wannan damuwar ƙananan wurare ce. A Argungu, can ƙasa a kan kogin nan da ya faro daga Funtuwa, ana yin babban bikin su tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, har hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016. Duk da haka a 2006 an hana shiga Matan Fada saboda ƙarancin ruwa. Aka yi biki babu su.

TSARGIYA

Yanzu ga maganar da ta fi shafar iyaye. Akwai ƙauyukan da yaro namiji in ya fara fitsarin jini ba a ɗauke shi ciwo ba, har waɗansu na cewa alamar balaga ce. Ba balaga ba ce. Tsutsa ce, kuma a ruwa aka samo ta.

Ga yadda take. Mai tsargiya ya yi fitsari a tafki, ƙwayayen tsutsar su fita tare da shi, su ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ba ya iya kama mutum, sai ya sami wata 'yar katantanwa da ke maƙale a ganyen bado da ciyawar gaɓa, ya shiga cikinta. Bayan wajen wata guda sai ya fito dubbai, ƙanana, ido ba ya gani, suna iyo suna neman fata. Ba sai an sha ruwan ba. Tsayawa a ciki ya isa. Su huda fata su bi jini, su girma, su zauna a jijiyoyin mafitsara. Bayan wata biyu ko uku jini ya bayyana. In aka bar ta shekaru, tana rage jini, ta dakushe karatun yaro, ta lalata mafitsara da ƙoda.

Ba daga wata ƙasa aka kawo wannan sani ba, a nan ma an bincika. A shekarun 1970 likitoci daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tare da na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila sun zauna a ƙasar Malumfashi suna binciken cututtukan yankin. A madatsar Ruwan Sanyi suka sa ido, suna rubuta wanda ya shiga ruwa, da abin da ya kai shi, da daɗewarsa. Suka tarar wanka, da iyo, da wasa, da kamun kifi su ne manyan hanyoyin, kuma yara maza da samari su ne suka fi ɗaukar cutar, su ne kuma suka fi mayar da ita cikin ruwan. Tsakar rana, lokacin da yaro ya fi jin zafi ya faɗa ruwa, ita ce lokacin da ƙwayayen suka fi yawa cikin fitsari, ita ce kuma lokacin da tsutsar ta fi fitowa daga katantanwa. Da ruwa ya ragu, yara da katantanwa suka taru a ɗan wuri, sai abin ya zama kamar an shirya. Ƙafewar tafki ma ba ta kashe katantanwar duka, tana shiga laka ta jira, kamar gaiwa.

Maganin yana nan, ƙwaya ce da ake kira praziquantel, ana sha sau ɗaya bisa ga tsawon yaro ko nauyinsa, ana kuma raba ta a makarantu kyauta. Sai dai ba ta hana sake kamuwa. Uban da ya ga an zo rabo ya bar ɗansa ya sha, bayan ya ci abinci. Malamin allo shi ma ya kawo almajiransa, gama su suka fi kowa zama a bakin ruwa. Ruwan wanka da aka ɗebo daga tafki, in aka ajiye shi kwana biyu tsutsar ta mutu. Wanda ke shakkar ko jama'a za su iya kawar da ciwon ruwa, ya tuna kurkunu. A 1988 an ƙidaya fiye da mutum 650,000 masu ita a Nijeriya. Da tace ruwa da hana mai ciwo shiga tafki aka kore ta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa babu ita a ƙasar.

RUWA KAƊAN MA YANA CI

Yaro ya ce, "Baba, ai ruwan bai kai ƙugu ba." Uba ya duba ya ga gaskiya ne, ga shanu tsaye a tsakiya, ya ce ya je. Abin da su biyun ba su gani ba shi ne gindin. Da kaka yara suna wasa a gefen da ke shimfiɗe, inda ƙasa take da tauri. Da bazara gefen nan ya bushe, bakin ruwa ya koma kusa da tsohon kwarin rafin da aka datse, inda taki ɗaya ke raba gwiwa da abin da ya shanye mutum. Ga ramukan masu tubali da masu yashi, ga rijiyoyin da masu lambu suka haƙa bara ruwa ya rufe su. Ga taɓo mai riƙe ƙafa, mutum yana jan ɗaya ɗayar na nutsewa. Wanda ya saba tsalle daga kan dutse ko ginin famfo a watan Nuwamba, in ya yi a Afrilu kansa zai sami ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, yara da samari ne kaso mai yawa cikinsu.

Sau da yawa kuma ba mutum ɗaya ake rasawa ba. Ƙane ya nutse, wa ya bi shi, wanda ya firgita ya rungume mai ceto su tafi tare. A koya wa yara cewa mai ceto ba ya shiga: ya yi kururuwa, ya miƙa gora ko rawani ko igiya, ko ya jefa jarka wofi a rufe, ita kaɗai tana ɗaukar babban mutum. Wanda ya kafe a taɓo kada ya yi ta kokawa a tsaye, ya kwanta ya baje jikinsa, a shimfiɗa masa kara ko katako. Mai jirgi kuma ran Salla ya ƙidaya kawuna, kada kwaɗayin kuɗin yini guda ya sa shi ɗaukar abin da ya fi ƙarfin jirgin.

ABIN DA AKE ROƘO

Yashe madatsa aikin gwamnati ne, yana kuma da tsada ƙwarai, wani lokaci ya kusa kuɗin gina sabuwa. Hana laka shiga kuwa aikin mai gona ne, ba ya cin kome sai ƙwazo. A yi kunya a gicciye, kada a bi gangare da ita. A bar ɗan fili na ciyawa tsakanin gona da rafi, a dasa jema ko gamba a bakin kwazazzabo, saiwarsu tana kama ƙasa, ga kuma zana da jinka a kyauta. Itacen da ke bakin ruwa a bar shi, shi ne inuwar mai yawon Salla. Masu tubali su ɗebi ƙasarsu a inda mai unguwa ya nuna, a wuri guda da kowa ya sani. In an yi haka ɗibar tasu ma taimako ce, gama zurfi suke ƙara wa tafkin. Masu inji su yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, kada da tsakar rana.

Masu unguwanni tare da sarakunan ruwa su zaga tun watan Maris, lokacin da gindin ya fito fili, su ware mashayar dabbobi daban, wurin wanki daban, wurin wankan yara daban a inda ƙasa take da tauri babu ciyawa, su kafa sanda mai jan ƙyalle a bakin kowane rami. A haƙa masai nesa da gaɓa. Kowane malamin makaranta da ke kusa da tafki zai iya kafa turke mai alamar awo, ɗalibai su riƙa dubawa kowace Jumma'a suna rubutawa. Cikin shekara uku ƙauyen zai san da kansa ko tafkinsa yana raguwa, ya kuma sami abin nunawa in ya je gaban Hakimi ko ƙaramar hukuma.

Da an yi ruwa biyu ko uku masu ƙarfi, rafuka suka fara kawowa, za a ga tarwaɗa tana hawa cikin dare zuwa ciyawar da ruwa ya rufe don ta zuba ƙwai, har akan kama ta da hannu. A nan ne ake roƙon sarakunan ruwa su rufe su, su sa a yi shela a kasuwa da masallacin Jumma'a, kada a sake buɗewa sai bayan an yi girbin gero.